Jar Rigar Pak Hatimi

Kun taɓa shiga jirgin ƙasa tare da mutumin da jirgin ya yi masa kaɗan? Ni na taɓa, kuma har yau ban gama godiya ba.

Mutumin maƙwabcina ne a birnin Semarang, Bapak Doktorandus T. Hadisuwarno, mataimakin shugaban ƙaramin sashen kula da hatimi a wani ofishin gwamnati da ba zan faɗi sunansa ba, don ina son zaman lafiya. Doktorandus laƙabin mai digiri ne. A unguwa Pak Hatimi ake ce masa, wato Malam Hatimi, idan ya ba da baya. Kada ku raina aikin. Takarda ko daga hannun gwamna ta fito, muddin ba ta bi ta ƙarƙashin tafin hannun Pak Hatimi ba, ta ƙunshin gyaɗa ce. Shi da bakinsa ya gaya mini. Biro biyar ne a aljihun rigarsa, na ƙirga, biyu ke rubutu. Harafin T da ke gaban sunansa kuwa ba a tambayar ma'anarsa. Tukijan ne, sunan da uwarsa ta raɗa masa, irin wanda ake ƙwala wa yaro daga bakin gonar shinkafa. Shi ya sa ya ninke shi ya adana, ya bar wa duniya harafi ɗaya ta yi maleji.

Ritaya ta matso. Mutum irinsa ba ya ritaya ya zauna a baranda yana yi wa kurciyar keji fito. Sai ya yanke shawarar ba da kansa kyauta ga garin haihuwarsa, Sumberlawe, wanda rabonsa da shi tun gashin kansa na nan. Za a yi zaɓen dagaci bayan damina, kuma ya amince a zaɓe shi. Mutanen garin ne kawai ba su sami labarin amincewar ba. Abin da ya rage masa kaɗan ne: taro guda, kujera a sahun gaba kusa da Pak Camat shugaban gunduma, da abin magana a hannu.

Ana haka sai ga Pak Ngadiran, abokinsa na ƙuruciya, manomi mai sanyin murya. Zai aurar da 'yarsa, ya shigo birni sayen anko, ya biyo da gayyata. Ina wurin, don na je mayar da tsani. Ya kwance ƙunshinsa a tabarma, ya zaro yadin batik ruwan ƙasa, mai duhu, marar hayaniya, ya miƙa da hannu biyu.

"Jan, ga naka. Kai za ka yi jawabi a madadin dangi."

Pak Hatimi ya yi tari, don Jan guntun Tukijan ne. "Kang Ngadiran, a nan birni Pak Hadi ake cewa."

Ya riƙe yadin da yatsa biyu kamar an ba shi tsumman goge tukunya. Sai idonsa ya faɗa kan ɗaya ƙunshin: ja wur, da zanen fukafukai ruwan zinariya, yana ɗaukar ido daga ƙofa.

"Wancan fa?"

"Wancan na yaran ne, Jan."

"Yara. To ni tsoho ka ɗauke ni? Mutum zai tsaya gaban Pak Camat da launin busasshen ganyen ayaba?" Ya zari guda. "Wannan ne ya dace da matsayi."

Pak Ngadiran ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya yi murmushi. Mutumin Sumberlawe ne na asali, zai iya nutsewa a kogi bai ce wa mai kwale-kwale ya yi kuskure ba. "Yadda ka gani," ya ce.

Ni kuwa na riga na ƙirga. Ruwan ƙasa shida ne a ƙunshin. Ja talatin. Abin da aka saya talatin ba na manya ba ne. Na yi niyyar magana, sai Pak Hatimi ya wurgo mini ruwan ƙasan ya ce, "Dik Paimin, ka ɗinka ka raka ni, babban mutum ba ya tafiya shi kaɗai." Paimin sunana ne, Dik kuwa ƙane ke nan. Yadi mai kyau ne, kyauta. Ga shi dama ina neman hanyar Sumberlawe, don mazarƙwailar kwakwarsu ta fi ta ko'ina araha, ni kuma sana'ata ke nan. Na ninke abina.

Na kawo shawarar mu bi jirgin Juma'a mu kwana can. Ya dube ni da tausayi. "Masu jera kujeru ke zuwa Juma'a. Mu sai kowa ya zauna." Don haka jirgin safiyar Asabar muka bi, mai isa daidai lokacin da ake zaunar da baƙi.

Da kun gan shi a tasha. Jar rigar ta zauna masa cif, tela ya ƙara mata maɓallan zinariya, biro biyar sun yi ƙaura zuwa sabon aljihu. Akwati uku ya ɗauko don kwana ɗaya, biyu a hannuna. Tikitinmu na taragon talakawa ne, can wutsiyar jirgi. Amma Pak Hatimi ta ƙofar taragon manya ya shiga, a hankali, yana tsayawa a kan matakala ko wani da ya san shi zai wuce. Daga nan muka ratsa jirgin gaba ɗaya ta ciki, tarago bayan tarago, ni da akwatuna ina neman gafarar gwiwoyin mutane, shi yana gyaɗa kai hagu da dama kamar mai duba asibiti.

"Ina son in ji numfashin talaka," ya ce da muka isa.

Ya kuwa ji shi. Kujerun masu fuskantar juna ne, gwiwa na gogar gwiwa. Gabanmu wata tsohuwa ce da kwandon dafaffiyar ayaba da gyaɗa, da wani magidanci rungume da fanka sabuwa a kwali. Jirgi ya tashi, gidajen kwano suka ƙare, gonakin shinkafa suka buɗe. Tsohuwar ta miƙo ayaba. Na ƙi sau ɗaya yadda ya kamata, ta sake miƙowa, na ci uku. Pak Hatimi ya ɗaga tafin hannu, ya kira ta Mbah, wato kaka.

"Mbah, cikina yana da alƙawari da teburin manya."

Ta ƙare wa rigarsa kallo, ta dubi furfurar da ta rage masa a gefen kunne. "Biki za ka, ɗana? Allah ya yi albarka. A shekarunka, har yanzu da kai ake yi. Gwiwa ba ta damunka?"

"Mai hidimar jama'a ba shi da gwiwa, Mbah."

"Haka ne," in ji ta, ta ci gaba da ɓare gyaɗa.

Daga nan ya zaro jawabinsa don gwaji. Shafi tara. Ya miƙe tsaye, ya riƙe ƙarfen ajiye kaya da hannu ɗaya, ya fuskanci taragon.

"Ya ku al'ummar Sumberlawe masu albarka! Shekaru da dama birni ya are ni daga hannunku. Birni ya yi kuka, ya ce kada in tafi. Na ce masa, haƙuri za ka yi, birni, akwai waɗanda suka fi ka maraici. Na ga takardu da idona waɗanda da za a jera su, da sun kai daga nan har teku. Duk sun zo gabana a karkace, sun tafi a miƙe. Abin da na yi wa takarda, shi zan yi muku."

Mai fanka ya yi barci a shafi na biyu. Wani jariri ya amsa a na huɗu. A na shida jirgin ya shiga kwana, mai jawabi ya zauna a cinyar mai fanka, ya tashi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Gaskiya ba kowa ke da wannan baiwar ba.

A wata tasha ta tsakiya, inda masaƙu suke, samari bakwai suka shigo taragonmu suna dariya. Kowannensu sanye da jar riga mai fukafukan zinariya.

Pak Hatimi ya dafa hannuna. "Dik Paimin, dubi. Tawaga. Sun turo tawaga ta tare ni tun daga hanya, kuma da launina."

'Ya'yan Sumberlawe ne masu aiki a masaƙa, sun ɗauki hutun Asabar za su gida su yi abin da samarin gari ke yi a kowane biki: raba abinci. Sinoman muke ce musu. Su ke fitowa a jere da manyan tire, shayi, miya, shinkafa, ƙanƙara mai zaƙi, suna miƙa wa baƙi a kujerunsu faranti bayan faranti. Da suka hango dattijo cikin rigarsu sai suka nutsu, suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kai hannunsa goshi. Babbansu, wani dogo mai suna Gimin, ya rusuna.

"Pak, ashe tare muke. Kai za ka jagorance mu?"

"Da izinin Allah, ɗana. Kai ne na farko da ya faɗa a fili. Ba zan manta da kai ba."

Ya tsayar da su a layi a tsakiyar tarago, ya shiga ba su horo. A gaban manya, in ji shi, kafaɗa a miƙe, kai a sunkuye kaɗan, ba gudu, ba jan ƙafa. A fara da mafi girma, a gangaro. Hannun dama kawai. Ba a ba babban mutum baya. Samarin suka saurara baki buɗe, don duk abin da ya faɗa daidai ne. Na ji Gimin ya koma bakin ƙofa yana waya da uwar madafar bikin: "Yu Painem, kwantar da hankalinki. Pak Ngadiran ya ɗauko mana ƙwararre daga birni. Ina jin daga babban otal yake, har biro gare shi."

A nan ma na yi niyyar magana. Amma akwatunan sun koma hannun samari, kafaɗata ta huta, sai na ga babu gaggawa.

Tashar Sumberlawe daɓe ɗaya ce da bishiyar mangwaro. Da jirgin zai tashi, ma'aikatan tasha suka jera suka ɗora hannu a ƙirji, yadda suke yi wa kowane jirgi. Pak Hatimi ya tsaya ya amsa musu da ɗaga hannu. "Ba sai sun yi haka ba," ya ce mini, idonsa ya ciko.

'Yan acaba suka kwashe mu. An toshe layin gidan Pak Ngadiran da rumfa, an kafa bakan ɗanyen ganyen kwakwa a ƙofa, lasifika na tashi. Masu tarbar baƙi na tsaye sahu biyu. Suna ganin rigata ruwan ƙasa suka rusuna, wani dattijo ya kama gwiwar hannuna kamar ƙwai. Suna ganin ja, suka nuna wani lungu ta gefen gida da babban yatsa, cikin ladabi.

"Ka gani?" Pak Hatimi ya raɗa mini. "Ƙofar manya daban take. Kai bi ta jama'a, za mu haɗu a ciki."

Ya gyara wuyan riga, ya shige lungun, samari bakwai a bayansa a jere, kafaɗa a miƙe.

Ni aka kai ni sahun gaba, kujera mai laushi, aka zaunar da ni a hannun daman wani mai ƙiba da fara'a. Pak Camat ne. Daga inda nake ina hango bakin madafa ta gefen labule, abin da kunnena bai kamo ba kuma Gimin ya cika mini daga baya.

Madafar a hannun Yu Painem take. Gajeriyar mace ce da ludayi, ta dafa abincin bikin rabin garin, ta yi wa sauran rabin wankan jego. Baƙi sun fi yadda aka zata, hannu ya yi mata kaɗan. Ta fito daga cikin hayaƙi tana tambayar ina ƙwararren. Aka nuna shi. Ta matso, ta ɗaga kai, ta ƙanƙance ido.

"Tukijan? Tukijan ɗan Mbok Sarinem, mai satar mangwaron tasha? Kai ne ƙwararren?"

"Yu, a yanzu ana ce mini Doktorandus..."

"Ko malam doktan shanu ne. Ka yi ƙiba. Ɗauki tire."

"An samu kuskure. Ni ne mai jawabin dangi."

"Da wannan rigar? Mai jawabi ruwan ƙasa yake sawa. Kai ka manta garinku ne?"

Ya leƙa ta labule yana neman ceto. Pak Ngadiran na can kan dandamali kusa da amarya, an naɗe shi cikin kayan uban biki, ba halin motsi sai an tashi. Idonsu ya haɗu. Pak Ngadiran ya yi murmushin mai ciwon haƙori, ya mai da kallonsa kan takalmansa.

Da a nan Pak Hatimi ya juya ya nemi acaba, da ya koma birni da girmansa, da ɗan abin da ya rage. Amma sai Yu Painem ta ɗaga wani kofin shayi mai murfi ta ce, "Wannan na Pak Camat ne, wa zai kai?" Babban mutum yana gane dama idan ya gan ta. Tsakaninsa da Pak Camat labule ne kawai, ga kuma tikitin tsallakawa. Ya karɓi kofin.

Ya iso gabanmu, ya rusuna daidai yadda ya koyar a jirgi. "Ranka ya daɗe, ni ne Doktorandus T. Hadi..."

Pak Camat na tsakiyar ba ni labarin ƙauyen da ya fi iya dafa mazarƙwaila. Bai ɗago ba. "Na gode, Pak. Akwai marar sukari? Likita ya sa mini ido."

Ya koma. Ya dawo da marar sukari, ya buɗe baki, sai aka buga kiɗan shigowar miya, Gimin ya ɗora masa tire a hannu. Ya kawo miya, ya ja numfashi, Pak Camat ya ce cokalinsa ya faɗi. Ya kawo cokali, matar Pak Camat ta ce ko da ɗan yaji.

Abin da ban zata ba shi ne hannunsa. Ashe kafin hatimi, kafin biro, kafin harafin T, Tukijan ya yi shekaru yana ɗaukar tire a wannan garin. Kai ya manta, kafaɗa ba ta manta ba. Samari na ɗaukar faranti shida, shi takwas, a tafin hannu ɗaya, sama da kunne, yana ratsa kujeru ba ɗigon miya ko ɗaya a ƙasa. Kuma da yake ba ya iya ganin mutane bai ba su umarni ba, sai ya shiga tsawa ƙasa-ƙasa: kai bi hagu, kai sahu na uku, wa ya ba wancan baya? Layin jajayen riguna ya miƙe kamar zare. Tsofaffi suka ce tun da suke ba su taɓa shan miya da zafinta a sahun ƙarshe ba sai ran nan.

Ana cikin haka mai gabatarwa ya kira wakilin dangi. Ya dubi kujerar da aka tanada, ya ga ruwan ƙasa a kai, ya miƙo mini abin magana. Na miƙe na ce Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, baƙi su yafe abin da ya gaza, mai mazarƙwailar sayarwa kuma ya same ni bayan Azahar. Na zauna. An yi tafi sosai, don shinkafa na hanya. Pak Hatimi na tsaye a tsakiyar rumfa da faranti takwas a sama, shafi tara na leƙowa daga aljihunsa, miya ta ɗan taɓa na farko.

Bayan ƙanƙara Pak Camat ya tashi yin nasa. Ya yabi ango, ya yabi amarya, sai ya juya.

"Amma yau na ga abin da ya taɓa zuciyata. Dattijo, da furfurarsa, ya baro birni ya sa rigar yara ya yi wa garinsu hidima. Ina yake? Matso, Pak."

Pak Hatimi ya ajiye tire. Ya goge hannu, ya taɓa aljihu. Lokacin ya zo, ta ƙofar baya ya biyo, amma ya zo. Ya tako gaba, ƙirji a buɗe.

"Wane suna?" Pak Camat ya tambaya.

"Tukijan!" Yu Painem ta amsa daga madafa. Ba ta bukatar lasifika.

"Mbah Tukijan," in ji Pak Camat, ya dafa kafaɗarsa. "Irinka garin nan ke nema. An gaya mini ƙungiyar sinoman ba ta da shugaba tun da na da ya tafi ci-rani. Jama'a, wa ya yarda?"

Hannuwa suka tashi. Na ƙirga har na gaji, ban ga wanda bai ɗaga ba, har amarya. Gimin biyu ya ɗaga.

"Shi ke nan. Kuma ka shirya, Mbah, babban aiki na gabanka. Ranar da za mu rantsar da sabon dagaci, ko wane ne Allah ya ba, abincin taron a hannunka yake. Ina son miyata da zafi kamar ta yau."

Aka karɓe abin maganar kafin ya kai gare shi. Kafin La'asar uwaye huɗu sun ba shi ranakun bikin 'ya'yansu, wani kuma ya ce kaciyar jikansa ce, ƙaramin taro ne, faranti ɗari biyu kacal.

A jirgin Lahadi muka kamo hanyar gida. Ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa a kan buhun mazarƙwailata, yana shafa man zafi a gwiwar da mai hidimar jama'a ba shi da ita. Na fara jin tausayinsa. Sai wani fasinja ya tambaye shi daga ina.

Ya gyara zama. "Daga zaɓe. Ban nema ba, suka matsa. Ba hamayya, ko ƙuri'a ɗaya ba ta ɓata ba, Pak Camat da kansa ya ɗaga hannuna. Harkar rarraba albarkatu ce, ba kowa zai gane ba." Ya juyo gare ni. "Dik Paimin, ka san mai sassaƙa hatimi mai kyau? Ofis ba ya tafiya haka nan."

Yanzu kusan kowace Asabar yana cikin jirgin safe. Ba wuyar ganewa: ja wur, biro biyar, ta ƙofar manya yake shiga, a wutsiya yake zama. Idan hanya ta bi da ku, ku nemi kujerar da ke kallon tasa. Ku bar shi ya yi nisa a bayanin yadda birni ya yi kuka. Sannan, ba tare da kun dube shi ba, ku ɗaga yatsa ɗaya sama ku ce, "Marar sukari." Don Allah ku gwada, ku ga wanda zai riga miƙewa tsakanin Doktorandus da Tukijan.